Tambaya da Amsa: Ina Kuɗin Binciken Gidajen Tsibirai Ke Tafiya?

Tambaya: Ni ɗalibin ilimin gine-gine ne. Ina yawan jin cewa ana ware kuɗi don binciken gidajen da za su jure guguwa a tsibirai. Ashe ba siminti da rodi ne maganin abin ba? Me kuma ake bincika?
Mai karatu, daga Zariya

Amsa: Ɗan'uwa, da siminti ne kawai maganin, da tuni an rufe maganar. Mahaukaciyar guguwa ba bango take fara nema ba, rufi take nema. Idan iska ta bi ta saman gida, tsotsar kwanon take yi sama, kuma duk lokacin da gudunta ya ninka biyu, ƙarfin da take sa wa rufin yana ninka huɗu. Taga ɗaya ta fashe a gefen da iskar ke fitowa, sai cikin ɗakin ya cika da iska kamar balan-balan, ana tura rufin daga ciki ana jan sa daga waje.

Ga misalin abin da bincike ya tono. A Disambar 1974 guguwar Tracy ta ragargaza birnin Darwin na Ostareliya, ta lalata fiye da kashi 70 cikin 100 na gidajensa. Da masana suka duba ɓaraguzan, sai suka ga kwano da yawa ba tsinkewa ya yi lokaci guda ba. Iskar ce ta yi ta jijjiga shi sau dubbai cikin 'yan sa'o'i, har ƙarfen ya gaji ya tsage a kewayen kan ƙusa, kwanon ya tashi ya bar ƙusoshin a jikin katako. Wannan ya sa aka kafa tashar gwaji a Jami'ar James Cook da ke Townsville a 1977, inda ake ɗaura kwano a na'ura, a yi ta ja ana saki har a ga inda zai gaza. Irin wannan gwajin ne ke cin kuɗi.

Abin da aka koya ba shi da wuyar faɗa. Ɗauri ya zama sarƙa guda tun daga kwano har ƙasa: kwano a jikin tubaitu da ƙusa mai zare wadda ake murɗawa, da faffaɗan washa, tubaitu a jikin manyan katakan rufi da maɗaurin ƙarfe, su kuma a jikin linta da noti, bango a jikin harsashi. Gaɓa ɗaya ta yi rauni, sauran aikin banza ne. A ƙara yawan ƙusa a gefuna da kusurwoyi, nan ne tsotsar ta fi tsanani. Rufi mai gangara huɗu, mai tudu kamar digiri 30, ya fi mai gangara biyu jurewa, bakin kwanon kuma kada ya leƙo da yawa, kamar rabin mita ya isa. Kafintocinmu da ke ɗaure rufi da langa-langa kafin iskar farkon damina sun san rabin wannan karatun.

Sai gishiri, wanda shi ne ciwon tsibiri. Iskar teku tana cin ƙusa da maɗauri a ɓoye, gida yana tsaye lafiya a ido alhali ɗaurinsa ya zama garin tsatsa. Haka idan aka kwaɓa kankare da yashin bakin teku ba a wanke ba, rodi zai yi tsatsa ya kumbura ya fasa ginin daga ciki. Shi ya sa ake son kaurin kankaren da ya rufe rodi ya kai wajen santimita 5 a bakin teku.

Tambaya: Su wa ke ba da kuɗin, kuma yana isa ga masu gidajen?
Wata mai karatu, daga Maraɗi

Amsa: Malama, akwai Bankin Duniya, da Bankin Raya Asiya, da asusun tallafa wa ƙasashe kan sauyin yanayi, Green Climate Fund, mai hedikwata a Koriya ta Kudu, sai asusun biyan asarar da sauyin yanayi ke jawowa, da aka amince da shi a taron yanayi na Masar a 2022, wanda alkawuran farko da aka yi masa a Dubai a 2023 suka tsaya a wajen dala miliyan 700. Ki gwada wannan da Dominika kaɗai, ƙaramar ƙasar tsibiri a yankin Karebiyan, inda guguwar Maria ta 2017 ta yi ɓarnar da ta kai kashi 226 cikin 100 na abin da ƙasar ke samarwa a shekara.

Galibin kuɗin bayan ɓarna yake zuwa, kuma neman sa na buƙatar takardun da ƙaramar ƙasa ba ta da ma'aikatan rubutawa. Bayan guguwar Winston ta Fabrairun 2016, wadda ta kashe mutum 44 a Fiji ta kuma taɓa gidaje wajen 30,000, gwamnati ta raba katin sayen kayan gini. Kayan suka yi ƙaranci a shaguna, ƙwararrun kafintoci ma haka, ga jigila zuwa ƙananan tsibirai sai an jira jirgin ruwa.

A ganinmu, kaso mai tsoka ya kamata ya tafi ga gwada kayan da ke wurin da horar da kafintan ƙauye. A Banuwatu, ƙasar tsibirai a tekun Pasifik, lokacin guguwar Pam a 2015, ɗakunan taron gargajiya da ake kira nakamal, masu jinka har kusa da ƙasa da ɗaurin igiya, da yawansu sun tsaya, mutane suka fake a ciki. Matsalar ita ce injiniya ba zai sa hannu a kan gini ba sai yana da alƙaluman ƙarfin gora da igiyar, banki da kamfanin inshora kuma ba sa motsi sai sun ga sa hannunsa.