Amsa kan fim ɗin tsohuwar jaruma da masoyinta na ƙirƙirarriyar basira

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda za ku haɗa gajeren fim a unguwar Nima ta Accra kan ƙagaggiyar jarumar shekarun 1960 da ta kamu da son ƙirƙirarriyar basira, har mai kallo ya gaskata.

Fara da fuskarta. Kada ka ɗauki ta jaruma ta gaskiya, ko da ta rasu, danginta suna da haƙƙi. In manhaja ce za ta zana ta, tsayar da hoto ɗaya, ka riƙa ba ta shi a kowace fitowa tare da bayani iri ɗaya: ɗaurin kallabi, ƙirar hanci, 'yan kunne. Idan ka sake, fuskar za ta sauya, domin manhajar sabon zane take yi kowane karo.

Tsohon yayi kuwa, baƙi da fari, hoto 24 a daƙiƙa, faɗin allo 4:3, fitila ɗaya mai ƙarfi daga gefe. Ambaton silimar Rex ta Accra zai ja hankalin dattawa.

Murya ce ke kashe irin wannan aiki. Manhajojin murya sukan ɓata karin sautin Hausa, su mai da ƙ da ɗ tamkar k da d. Gara mutum ya yi muryar masoyin, sannan ku ɗan rage mata kauri.

Shawarata, kada na'urar da ke matsayin masoyin ta ce tana son jarumar tun farko. Bari ta riƙa tuna mata kalamanta na finafinai da 'yan kallo suka manta. Wanda aka daina tafa wa, tunawa yake nema, a nan soyayyar za ta kama.