Amsa kan kifin mandarin: yadda za ka killace shi ba tare da yunwa ta kashe shi ba

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce tankin ruwan gishirinka lita 120 ne, wata uku da haɗawa, kana so a turo maka mandarin daga Legas, kuma kana tambaya ko ka killace shi da maganin jan ƙarfe kamar sauran kifi.

Ka dakata tukuna. Wata uku ya yi kaɗan. Wannan kifi, wanda asalinsa tekun Fasifik ne wajen Filifin da Indonesiya, ba ya cin abinci sau biyu a rana ya koma gefe. Tun safe har magariba tsince-tsince yake a jikin dutse kamar kaza a tsakar gida, yana cafke ƙananan ƙwarin ruwan nan da ake kira kofefod. Bakinsa ƙarami ne, cikinsa ba ya ajiya. Yawancin waɗanda ke mutuwa a hannun mutane yunwa ce ke kashe su a hankali, wata biyu ko uku bayan an sayo. Ka bar tankin ya kai wata shida zuwa shekara, da wadataccen dutsen teku mai rai, wato wanda ƙananan halittu ke rayuwa a jikinsa. Da daddare ka haska tocila a jikin gilashi. In ba ka ga fararen ƙwari suna yawo birjik ba, lokaci bai yi ba. A lita 120 kuma sai ka haɗa ƙaramin tanki a ƙasa mai ciyawar teku, inda ƙwarin za su hayayyafa ba mai cinsu.

Maganin jan ƙarfe kuwa, kada ka sa masa. Ba shi da ɓawo a jiki, yauƙi mai kauri ne ke rufe shi, kuma ba ya jure maganin sosai. Maganin yana kashe kofefod nan take, ka ga ka haɗa masa guba da yunwa. Yauƙin nan yana kare shi daga cutar farin ɗigo, amma yana iya ɗauko ta a wajen numfashinsa ya raba wa sauran kifinka, shi ya sa killacewar ba ta da makawa.

Hanyar da na fi yarda da ita ita ce sauya mazauni. Ka tanadi roba biyu masu lita 20 zuwa 30, kowace da hitarta, da dutsen iskarta, da guntun bututun roba da zai ɓuya ciki. Ka sa shi a ta farko, kafin awa 72 ta cika ka mayar da shi ta biyu mai sabon ruwa, gishiri da ɗumi daidai da na farko. Haka za ka riƙa juya shi tsakanin robobin biyu, sauyi huɗu, kwana 12. Dalili shi ne ƙwayar cutar farin ɗigo takan yi kwana uku zuwa bakwai a jikin kifi, ta faɗo ƙasa ta dunƙule, ba ta ƙyanƙyashewa kafin kwana uku. Kai kuma kana ɗauke kifin kafin 'ya'yanta su fito. Robar da ya bari ka wanke ta da bilic, ka ɗauraye, ta bushe ƙarau. Inda ake yawan ɓata aikin shi ne amfani da koma ɗaya ko bututun iska ɗaya a duka robobin, ko a jinkirta sauyi saboda an yi tafiya. Tsutsar fata kuma firazikwantel ke maganinta, miligiram 2.5 a lita, sau biyu, mako guda tsakani. Bayan nan ka bar shi mako biyu a tanki mai soson tace ruwa da ya riga ya tsufa a ruwa, kana lura.

Ciyarwa ce babban aiki a waɗannan kwanaki. Ka fara ƙyanƙyashe ƙwan atemiya, wasu ƙananan jatan landen ruwan gishiri da zai ci, tun kafin kifin ya iso: gora mai lita ɗaya, gishirin teku giram 25 zuwa 30, rabin ƙaramin cokali na ƙwai, iska na kaɗawa, a kwana ɗaya sun fito. Gora biyu za ka riƙa juyawa don kullum a samu sabo, domin in suka kwana biyu amfaninsu ya ragu. Ka ba shi sau uku ko huɗu a rana, ka fara cusa daskararren abinci kaɗan-kaɗan a cikin ƙaramar kwalba kwance, ya saba shiga ya ci. Ka riƙa auna amoniya kullum, wato gubar da kashin kifi ke tarawa a ruwa, domin roba ba ta da matata. In da hali ka nemi wanda aka haifa a gidan kiwo, irin na kamfanonin ORA ko Biota, sun fi karɓar abincin gwangwani. Kafin ka biya ka sa a turo maka bidiyo: in ciki ya lotsa, ko wani layi ya fito a gefen jiki, ya riga ya rame, ka bar shi.

Sai yanayinmu na Zariya. Ruwan yana son digiri 24 zuwa 27, gishiri 1.025 a ma'aunin gishirin ruwa. A Afrilu ƙaramar roba takan haura 30 da rana, ka sa fanka ta hura saman ruwan. Da hunturu kuma hita dole ce, ruwa yana ƙafewa da sauri, gishiri ya hau. Cikon da ruwan da aka tace ake yi, banda na gishiri, banda na burtsatse kai tsaye. Famfon iska mai batir ya zauna a kusa saboda ɗauke wuta.

In ka gan shi da asuba ya koɗe fari-fari yana kwance, barci ne, kada ka taɓa shi. Namiji ana gane shi da dogon tsinke a fiffiken baya, kuma maza biyu ba sa zama tanki ɗaya, faɗa za su yi har ɗaya ya mutu.