Amsa kan aikin manhaja ba tare da ofis ba

Malam, ka tambaya ko aiki ba zai rikice ba idan mutum 5 suna rubuta manhaja, kowa daga gidansa. Rubutu ne ke riƙe su. Duk shawarar da aka yanke a rubuta ta inda kowa zai gani, kada ta ƙare a kiran waya. GitLab, wani kamfanin manhaja da ma'aikatansa ke aiki daga gida, haka suke yi, kundin tsarin aikinsu a buɗe yake a intanet, ka leƙa.

Sannan ba wanda zai shigar da gyaransa a GitHub, shafin da ake ajiye aikin manhaja na haɗin gwiwa, sai wani ya duba, kuma gyaran ya zama ƙarami don mai dubawa ya karanta da gaske. In an ɗauke maka wuta, abokin aikinka, ko da a Kanada yake, bayanin da ka bari zai bi ya ɗora. Taro kuwa, sau ɗaya a mako ya wadatar.