Kambamawa da Mutuntarwa a Waƙa, Ƙarya ce ko Adon Harshe?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗaliba ce a sashen Hausa, aji biyu a jami'a. A kwas ɗin nazarin waƙa ana koya mana kamantawa, siffantawa, mutuntarwa da kambamawa, har lakcara ya ba mu jinga kowa ya rubuta baiti biyar da su. Sai wata ƙawata ta ce wai duk ƙarya ce ake koya mana, tunda ka ce bishiya tana kuka alhali ba ta yi, wai muna cikin mawaƙan da Alƙur'ani ya ce ɓatattu ke bin su. Dan Allah Malam ya abin yake, wallahi hankalina ya tashi.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƴata ki kwantar da hankalinki ki yi jingarki, ba ƙarya ba ce kuma babu laifi a koyonsa ko koyar da shi.

Ƙarya a shari'a ita ce ka ba da labari saɓanin yadda abu yake kana son mai sauraro ya ɗauka haka ne. To wanda ya ce miki na kira ki sau dubu ba ki ɗauka ba, ke kin san ba dubu ba ne, shi ma ya san kin sani, yawa kawai yake nufi, ina yaudarar a nan? Waɗannan sunaye da kuke haddacewa ai malaman balaga sun daɗe da su, kamantawa ita ce tashbihi, siffantawa tana kusa da isti'ara, kambamawa ita ce mubalaga, Abdulƙahir Aljurjani ya yi littafi guda a kan wannan fanni, Asrarul Balaga, kuma don a gane mu'ujizar Alƙur'ani aka raya ilimin tun asali.

Duba Suratul Kahfi aya ta 77, Allah ya ce Annabi Musa da Halliru sun sami wani bango yana nufin ya faɗi, an jingina wa bango nufi kamar mutum, irin abin da kuke kira mutuntarwa ke nan. A Sahihu Muslim kuma, da Faɗimatu bint Ƙais ta zo shawara kan masu neman aurenta, Manzon Allah (SAW) ya ce mata Abu Jahm ba ya sauke sandarsa daga kafaɗa, alhali kowa ya san mutumin yana barci yana salla yana cin abinci, dole yana ajiye ta, shi ya sa Imam Nawawi ya kafa hujja da hadisin kan halaccin irin wannan magana. Manzon Allah (SAW) ya kuma ce wa Anjasha, mai kora raƙuman da mata ke kai, ya bi a hankali da kwalabe, mata yake nufi. Wa zai iya buɗe baki ya ce wannan ƙarya ce, wa'iyazu billahi. Eh akwai malamai irin su Ibn Taimiyya da ba su yarda da raba magana zuwa haƙiƙa da majazi (ma'ana ta zahiri da ta aro) ba, amma saɓaninsu kan suna ne da rabon, ba wanda ya ce mai magana da wannan salo maƙaryaci ne.

Ayar da ƙawarki ta jawo tana ƙarshen Suratush Shu'ara, ki ce mata ta ƙarasa zuwa aya ta 227, an togace waɗanda suka yi imani suka yi aiki na ƙwarai. Hassanu bn Sabit a masallacin Annabi yake rera waƙa. Mu nan ma Shehu Usmanu da ƙaninsa Abdullahi da ƴarsa Nana Asma'u da waƙa suka karantar da jama'a, da karinta da amsa-amonta.

Inda nake so ki kula sosai, don nan ne ɗalibai ke zamewa ba su sani ba. Kada ki ɗauki ma'aunin waƙa ki ɗora wa Alƙur'ani, ƙarshen ayoyi sunansa fasila, ba a ce masa ƙafiya ko amsa-amo, domin Allah ya kore waƙa daga Manzonsa a Suratu Yasin aya ta 69. Haka kuma ba duk abin da ya yi kama da mutuntarwa a nassi ne za ki sa a wannan layi ba, kututturen dabinon da ya yi kuka a masallacin Madina da Annabi ya koma kan mumbari kuka ya yi na gaske, sahabbai sun ji da kunnensu. Siffofin Allah kuwa ba wurin gwada darasin aji ba ne sam.

Sannan kambamawa tana haramta idan ta kai ga ba wa wani bawa abin da yake na Allah ne kaɗai, kamar mawaƙi ya ce gwaninsa ke rayawa ke kashewa, Annabi da kansa ya hana a wuce iyaka wajen yabonsa kamar yadda Nasara suka yi wa ɗan Maryam, balle sarki ko shehi ko ɗan siyasa. Haka dabbantarwa, wato ba mutum siffar dabba, idan zambo aka yi da ita aka kira musulmi kare ko jaki, cin mutunci ne. In irin wannan waƙa ta zo miki a jarrabawa ki feɗe ta ki faɗi salon da ke ciki, nazari daban yarda daban, amma ke kada ki rubuta irinta.

Wallahu a'alam.