Amsar Kawu kan dutsen da aka tono a rijiya

Assalamu alaikum jama'ar gida. To, na ga hoton da yaron nan ya turo, dutsen da suka ci karo da shi suna haƙar rijiya a gona, mai ƙyalli rawaya-rawaya. Yana tambaya wai ko zinare ne, kuma in ya kai wa hukuma ba za a ƙwace masa gonar ba? Ɗana, saurara da kyau, maganar ta fi ƙarfin rubutu shi ya sa na yi saƙon murya.

Hoto dai ba ya gaya wa mutum dutse. Ka ɗauki ɗan ɓalli, can a gonar fa, ba a gida ba, ka ɗora kan ƙarfe ka buga da guduma. Zinare lanƙwashewa yake yi ya baje, ba ya fashewa. In ya tarwatse ya zama gari, to ba shi ba ne. Sannan ka samu fasasshen tangaran ka goga a gefen da ba shi da santsi. Zinare zai bar layi rawaya, wancan mai kama da shi kuwa baƙi-baƙi zai bari. Na yi shekaru ina haƙar rijiyar burtsatse, wallahi na ga dattijo da furfurarsa ya ƙulle irin wannan dutse a gefen rawani mako guda, ko barci ba ya yi.

To batun hukuma. Wadda kake nufi ita ce hukumar binciken ƙarƙashin ƙasa ta Najeriya, NGSA. Tsohuwa ce, asalinta tun 1919 zamanin Turawa. Hedikwatarta tana Abuja, amma babban ɗakin gwajinta yana Kaduna. Aikinsu shi ne sanin abin da ke ƙarƙashin ƙafarmu: wane dutse ne a ina, ina farar ƙasa take irin ta Kalambaina da ake siminti da ita a Sakkwato, ina kuza, ina tama. Sai su zana taswira. Manyanmu za su tuna wasu ƙananan jirage da suka riƙa shawagi ƙasa-ƙasa kafin 2010, mutane suna ta ƙananan maganganu. To awon maganaɗisun duwatsu ake yi daga sama. Ko da ƙasa ta motsa a Kwoi a 2016, da Mpape ta Abuja a 2018, ai su aka riƙa jin ta bakinsu.

Mu masu haƙar ruwa ma da taswirarsu muke cin abinci. Maiduguri yashi da laka ne a jere, ruwa shimfiɗe yake a ƙasa. Amma Kano da Zariya kan dutse suke zaune, ruwan yana cikin ruɓaɓɓen dutse da tsaguwa ne kawai. Ka kuskure tsagar da taku kaɗan, sai ka huda ka yi ta fitar da ƙura.

Su 'yan NGSA ba sa ba da lasisi, ba sa kuma karɓe gona. Lasisi na wani ofishi ne daban, ofishin rajistar ma'adinai. Amma ba zan ɓoye maka ba, a tsarin mulki da dokar ma'adinai ta 2007, duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, ko da gonar gadon kakanka ce. Kai samfuri gwaji daban, fara haƙa ba takarda daban.

Abin da ya sa ma na ɗauki waya shi ne na ji wani yana cewa a kawo gida mata su daka a turmi. Kul! Haka aka yi a Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Dareta da 'Yargalma da Bagega. Dutsen zinaren yana ɗauke da dalma, ana niƙawa a tsakar gida, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara wajen 400 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Aka sake maimaitawa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja a 2015. In ka ga wani ɓangare mai nauyi, toka-toka mai sheƙi irin dutsen kwalli, to dalma ce.

Kuma ku dakata da shan ruwan rijiyar nan tukuna. Ka ɗebo dutsen kamar cikin hannu biyu, ka ƙulle a leda, ka rubuta a zurfin gaba nawa kuka same shi da sunan wurin. Ka ɗebo ruwan ma a gora mai tsabta. Ranar Litinin in Allah Ya kai mu zan shiga Kaduna, ka kawo min tasha da sassafe. Ka gaida min mahaifinka.