Hoton huhu zai iya nuna yawan iskar da yake ɗauka?

Ka tambaya ko hoton asibiti zai iya auna girman huhu da aikinsa, ko sai an hura iska a na'ura. Zai iya, amma ba kowane hoto ba.

Hoton X-ray na ƙirji a shimfiɗe yake, kintace kawai za a yi da shi. Na'urar CT ce gwanar wannan aiki. Za ka kwanta, a ce ka ja numfashi iya ƙarfinka ka riƙe na 'yan daƙiƙoƙi, ta ɗauki huhun yanki-yanki, kwamfuta ta harhaɗa ta lissafa. Huhun babban namiji kan ɗauki kusan lita 6. Inda CT ta yi zarra shi ne tana ware kowane sashe, uku a dama, biyu a hagu, har likita ya ga wanda ya lalace kafin tiyata. Hura iska kuwa jimla kawai take bayarwa, kuma ba ta auna iskar da ke saura bayan ka fitar da numfashi duka.

Sai dai in ba ka cika ƙirjin sosai ba, lissafin CT zai yi ƙasa. Ga kuma tururin radiyeshin da CT ke fitarwa, shi ya sa a ganina mai asma da ake bibiya a kai a kai, hura iskar ta fi masa.