Amsar Goggo kan alkakin Hajiya da ciwon cikin Ummi

Wa alaikumus salam Ummi, ya gida, ya maigidan naki, ya sanyin Bauchi. Naga saƙonki. Kince duk sanda kika ci biredi ko taliya sai cikinki ya kumbura ki wuni kina zaryar bayi, likita yace yana zargin cutar nan siliyak, ke kuma kin yanke kayan fulawa da kanki tun kwanakin baya, ga Hajiya surukarki bata fasa aiko miki da alkaki da funkaso ba, shine kike tambaya wai a al'ada amarya tana iya ƙin abincin uwar miji? Sannan Yaya Hauwa tace miki ai naki ba shi bane, tunda ita da aka tabbatar mata ko gudawa bata taɓa yi ba.

Toh bari in fara da ta Hauwa don ita tafi damuna. Hauwa ta faɗi abinda ta gani a jikinta ne, amma jikinta ba ma'aunin naki bane. Shekarun da nayi ina aikin jinya sun nuna min cutar nan bata zuwa da fuska ɗaya. Abinda ke faruwa shine akwai wani sinadari a alkama da sha'ir ana ce masa gulutin, shine yake sa kwaɓin fulawa yayi danƙo, to in mai cutar ya ci sai garkuwar jikinsa ta juya ta afka wa ƙaramin hanjinsa. Cikin hanjin nan akwai 'yan tsirai ƙanana kamar gashin sabon tawul, sune ke tsotse amfanin abinci, cutar sai ta shafe su hanjin ya koma sumul. Daga nan kowa da inda abin zai ɓullo masa. Wani gudawa da kumburi da rama, wani ma akasin haka, bayan gida ne zai ƙi fita. Wata kamar Hauwa ƙarancin jini ne kawai, ta sha maganin ƙarin jini har ta gaji bai hau ba, ga kasala ga jiri. Wani ƙuraje ne masu masifar ƙaiƙayi a gwiwar hannu da gwiwar ƙafa da mazaunai, wani gyambon baki ne ya tafi ya dawo, wata ɓari take tayi ana cewa iska ce ko sammu, yaro kuma sai kiga yaƙi girma ga ƙaton ciki. Akwai wanda ma baya jin komai sam, alhali hanjin na lalacewa ƙashi na yin sanyi a ɓoye. Lokacin ma ba ɗaya bane, wani cikin 'yan awanni zai fara amai, wani sai gobe ko jibi, har ya manta me ya ci. Kuma tsananin abinda kike ji baya nuna girman ɓarnar da ke ciki, wannan ki riƙe shi da kyau.

Amma fa kema kada ki yanke wa kanki hukunci. Kumburin ciki bayan biredi ba siliyak kaɗai ke kawo shi ba. Akwai wanda jininsa ne bai haɗu da alkama ba, shi cikin mintuna zakiga borin jini, leɓe ya kumbura, wani har numfashi ya sarƙe, wannan asibiti ake gudu da shi ba jira. Akwai wanda alkamar ke takura masa amma an duba hanjin lafiya lau. Ga tsutsar ciki da atini da olsa da muke fama da su a nan, ga masu shan shayi da madara su ɗora wa biredi laifi alhali madarar ce cikinsu baya ɗauka.

Shi yasa banji daɗin yadda kika daina ci tun kafin gwaji ba. Gwajin jinin, wanda suke rubutawa tTG, yana neman alamar faɗan da jiki ke yi da gulutin ne, in kin daina ci faɗan ya lafa sai sakamako ya fito fes ace miki ba komai, kin kashe kuɗi a banza. Haka in za'a zura kyamara ta baki a ɗebo ɗan tsokar hanji, shima sai kina ci. Ki koma ki faɗa wa likitan gaskiyar ranar da kika daina, watakila yace ki koma ci kullum na wasu makonni, kamar shida haka, kafin a ɗibi jini. Ga asibitin koyarwa na jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) kusa dake, ko in kin shigo Gombe mu je na tarayya tare, ki nemi likitan ciki, su zasu faɗi inda ake gwajin. Kuma tunda Hauwa ciki ɗaya kuke ba abin wasa bane, abin yana bin jini, cikin 'yan uwa na kusa kamar ɗaya cikin 10 ake samu da ita, alhali a sauran jama'a kamar ɗaya cikin 100 ne.

Nasan za'a ce miki ciwon Turawa ne, iyayi ne na 'yan boko. Eh wani likitan yara ɗan Holan mai suna Dicke ne ya gano alkama ce sila, ya lura lokacin yunwar yaƙin duniya na biyu wajen 1944 zuwa 1945 da biredi ya ɓace yaran masu cutar sun samu sauƙi, da ya dawo suka koma gidan jiya. Amma binciken da aka buga a 1999 kan yaran Sahrawi na yammacin Sahara ya samu sama da biyar cikin 100, ya ninka na Turai nesa ba kusa ba, kuma Musulmi ne 'yan Afirka. Mu dai da can gero da dawa ne cimarmu, alkama sai biki ko sallah ko gidan masu hali. Yanzu ko shayi da biredi da safe, indomi da rana, tuwon semo da dare, ai dole mai ita ya bayyana.

Sai maganar al'ada. Ummi wa ya gaya miki al'ada tace ki ci abinda zai kwantar da ke? A zamaninmu amarya ko ruwa bata sha gaban uwar miji, balle mu nan da kunyar Fulani ta yi mana yawa, ba wanda zai tsaya a kanki yaga lomarki. Abinda al'ada ta tsana shine a mayar da kwano yadda aka kawo shi, ko a yatsina fuska gaban ɗan aike, ko Hajiya taji a bakin maƙwabta wai kince abincinta na sa ki ciwo. Wannan kam cin fuska ne. In an kawo ki karɓa hannu biyu kiyi godiya, ki juye, maigida ya ci yaran gida su ci, ki wanke kwano ki saka ɗan wani abu a ciki ko sabulu ne ko turare, ki bawa yaron tukwici. Shikenan kin fita.

Sai dai ɓoye-ɓoyen baya ɗorewa, wata rana a ɗakinta za'a ajiye miki ace bismillah. Kuma ba bakinki ya kamata ya fara faɗa ba, ba kuma na mijinki ba, don uwa in ɗanta yazo mata da zancen matarsa wata fassarar take yi masa. Aikin mu ne iyaye, amfanin goggo kenan. Ni zan kira ta in gaisheta ince likita ne ya ɗora 'yarmu kan doka kamar yadda ake hana mai ciwon suga zaƙi da mai hawan jini gishiri, wa ya taɓa cewa mai suga ya raina suruka don bai sha kunun da aka zuba wa sukari ba. In ta ji daga babba zakiga ita da kanta ta koma aiko miki da nakiya, tunda ita ta shinkafa ce.

In gwaji ya tabbatar, to doka ce ta har abada, babu ɗan taɓawa ranar sallah, babu wai yau na ci banji komai ba. Kuma ba yunwa zaki zauna ba, tuwon dawa, na masara, na shinkafa, fura, acca, doya, rogo, dankali, wake, ƙosai, alale duk naki ne. Inda ake faɗawa shine wurin da ba'a zata ba. Masar Bauchin nan da kuke taƙama da ita asalinta shinkafa ce amma wasu masu suyar suna barbaɗa fulawa a ƙullun, ɗanwake ma yanzu rabinsa fulawa ne a wasu gidajen, semo da kuskus alkama ce zalla, lemun malt akwai sha'ir, ga man da aka soya fanke aka dawo aka soya ƙosai. Uwa uba injin niƙa, ki kai dawarki tsaf alhali wadda ta riga ki alkamar tuwon mijinta mai suga ta niƙa, ɗan abinda ya maƙale ya isa. Ki samu mai inji ɗaya ku saba, ya fara wanke bakin injin da 'yar dawa a ware ta gefe kafin ya zuba taki.

Ki turo min lambar Hajiya, amma bazan kira ba sai kin ga likitan tukun naji abinda yace, kada in je in kafa doka gobe ace tsutsa ce. Ki kuma ce wa Hauwa a gwada yaranta, ƙaramin nan nata ban gamsu da girmansa ba. Ki gaida maigidan.